Yaya Ya Ce In Ba Shi Sabuwar Motata Ya Buɗe Mata Inji A Hanyar Abuja

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Kano, gidana a Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma a ɓangaren Tarauni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsohuwar motata ta fara cinye min albashi. Na sayar da filin da na gada, na haɗa da kuɗin adashi, na ba da kafin alƙalami a kan Corolla Cross sabuwa fil, irin mai haɗa fetur da lantarki. Maigidana ya goya min baya. Matsalar ita ce Yayana, wanda shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma ya daɗe yana tuƙin motar haya. Ya ce ranar da aka karɓo ta in ba shi ya je Abuja ya dawo a guje domin injin ya buɗe, in ba haka ba za ta zama raguwa har abada. Bakaniken gidanmu kuma ya ce a kai masa ita ya juye man kamfani ya zuba mai kauri, wai na kamfani ruwa ne, ba ya jure zafin Kano. A wurin aiki ana ta tsorata ni cewa batirin zai mutu cikin shekara biyu. Ba na son ɓata wa Yaya rai, ba na kuma son in yi asarar gadona. In fasa ne?
Ƙanwarku daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya tsare, ya sa a kashe lafiya.

Kada ki fasa, amma kada ki cika kuɗin sai kin ga wasu abubuwa da idonki, zan zo kansu. Abin da ya sa na ce kada ki fasa shi ne hanyar da kike bi kullum. Wanda zai taso daga Rijiyar Zaki da safe, ya ratsa Kabuga, ya bi titin BUK ya nufi Tarauni, rabin tafiyarsa taka birki ne da jiran mai adaidaita sahu ya gama ciniki da fasinja a tsakiyar titi. Motar fetur zalla tana shan mai ko tana tafiya ko tana tsaye. Haibirid kuwa, wato mai haɗa fetur da lantarki irin taki, a irin wannan wurin take nuna kanta. Bayan injin fetur tana da injinan lantarki biyu, da babban batir mai ƙarfin bolt wajen 200 a ƙarƙashin kujerar baya. Da kin tsaya sai injin fetur ya kashe kansa, esi kuma ya ci gaba da sanyi, don lantarki ne ke juya shi. Idan kin taka birki a hankali, injin lantarki ne ke riƙe motar, ƙarfin gudun nan da a wata motar zai tafi a zafin ƙarfe sai ya koma batir ya zama caji. Ba a jona ta da wutar gida, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta shafe ki ba. Akwai masu jonawa a soket, akwai kuma waɗanda aka liƙa wa sunan haibirid alhali ɗan taimako kawai lantarkin yake yi, ba ya iya jan motar shi kaɗai. Taki ba ta cikin ko ɗaya, amma ki sa a rubuta nau'inta sarai a takardar ciniki.

Alƙaluman da Toyota ta buga a Afirka ta Kudu, inda ake haɗa wannan mota a Durban tun 2021, sun nuna lita 4.3 a kilomita 100 ga haibirid, lita 6.8 ga 'yar'uwarta mai fetur zalla. Wannan lissafin takarda ne, da esi da cunkoson Kano duka biyun za su haura haka, sai dai tazarar da ke tsakaninsu a cikin gari ba raguwa take yi ba, ƙaruwa take. Ki ɗauki biro: in kina cin kilomita 1,200 a wata, ragin zai kai lita 30 ko fiye. Ki ninka da farashin lita na yau, ki ga shekara nawa za a yi kafin ragin ya biya bambancin kuɗin motocin biyu. Da a ce ke mai zirga-zirgar Kano zuwa Kaduna ce kowane mako, da na ce ki sake tunani, domin a buɗaɗɗiyar hanya injin fetur ne ke yawancin aikin, ribar kuma ba ta kai ta cikin gari ba.

Maganar 'yan wurin aikinku tana da tushe, sai dai ba a kan irin motarki ba. Wannan fasaha ba jiya ta fito ba, tun ƙarshen 1997 Toyota ta fara sayar da haibirid mai suna Prius a Japan, kuma masu tasi a manyan biranen duniya sun daɗe suna wahalar da ita. Batiran da muke gani suna mutuwa a garejojinmu galibi na tokumbo ne, motar da ta yi shekara goma sha wani abu a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. Kwamfutar motar ba ta barin batirin ya cika maƙil, ba ta kuma barinsa ya ƙare tas, wannan ne ke ja masa kwana. Ba zan ce miki ba ya tsufa ba, yana tsufa, sabonsa kuma ba arha. Abin da ke gaggauta tsufansa zafi ne, mu kuma Allah ya hore mana zafi da ƙura.

To, kafin ki cika kuɗi. Tambaya ta farko ga dillali ita ce garanti: na wa ne, shekara nawa, kilomita nawa, kuma ya haɗa da babban batir ko bai haɗa ba? A rubuce, da hatimi, ba da fatar baki ba. A Amurka Toyota tana ba batirin garantin shekara 10 ko mil 150,000 tun daga motocin 2020, kuma wasu dillalan suna ambaton wannan kamar nasu ne. Ba ya ƙetare teku. Motar da ɗan kasuwa ya sayo daga Dubai ko Amurka ya shigo da ita da kansa, ko da ledarta, mai yiwuwa ba ta da wanda zai amsa ki a Najeriya idan ta yi tari. Ki tambaya a ina za a riƙa yi mata sabis, ki je wurin da ƙafarki, ki ga ko suna da kwamfutar da ke karanta haibirid da wanda ya iya aiki da ita. Ki karɓi takardar kwastam, ki duba lambar casis ɗin da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke jikin motar, harafi da harafi. Sannan ki durƙusa ki duba gefen taya: akwai lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 3522, an yi tayar a mako na 35 na 2022 ke nan. Mota tana iya zama sabuwa a mita amma ta shekara a rana a tashar jirgin ruwa, kuma irin wannan ƙaramin batirinta, wanda ke kunna kwamfutar motar, ya riga ya gaji. Ki sa a auna shi a gabanki, a kuma auna iskar tayoyi, domin sau da yawa ana cika su fiye da ƙima saboda doguwar tafiyar jirgi, dillali kuma ya manta bai rage ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Inshora kuma ki yi cikakkiya. Ta naira 15,000 ɗin nan motar wanda kika buga take biya, ba taki ba, ke kuma fili kika sayar.

Yanzu ga Yaya. Ba shirme ya faɗa ba, ilimin zamaninsa ne. Injinan da ya taso da su suna fitowa daga masana'anta da ɗan kaushi a cikin silinda, sai an yi tafiya mai nauyi ringin fistin yake zama daram, kuma direban da ya lallaɓa sabon inji fiye da kima yakan ƙare da motar da ke shan baƙin mai. Amma ko a wancan zamanin ba gudu ɗaya miƙaƙƙe ake so ba. Yau kuwa ana goge cikin inji sumul tun daga masana'anta, abin da ya rage kaɗan ne. Littafin da ke zuwa da motocin Toyota irin taki abin da yake cewa bai wuce layi huɗu ba: a kilomita 300 na farko a guji taka birki na gaggawa, a kilomita 1,000 na farko kuma a guji gudu mai tsanani, a guji danna totur farat ɗaya, a guji daɗewa a kan gudu ɗaya ba canji. Kada kuma a ja wata mota ko tirela da ita a wannan tsakanin. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Zuwa da dawowa a guje, a ranar farko, ya karya kusan duk abin da aka lissafa a tafiya guda, da tayoyin da ba su gama kama kwalta ba, da birkin da bai gama zama ba.

Birkin nan ma yana da wani abu da direban motar haya ba zai zata ba. Tun da injin lantarki ne ke yawan tsayar da motar, takalmin birki da faifansa ba sa haɗuwa sosai, don haka suna daɗewa kafin su saba da juna fiye da na sauran motoci. Haka injin fetur: idan mita ta nuna kilomita 1,000 na cikin gari, wani kaso na tafiyar a kashe ya yi shi. A nan ne maganar Yaya take da gaskiya, motar tana buƙatar fita bayan gari. Abin da ba ta buƙata shi ne tsere.

Saboda haka kada ki ce masa a'a, ki ba shi aiki. Ranar karɓo mota ki roƙe shi ya raka ki, ki ce idonsa kike so. Mutumin da ya shekara a kan hanya zai hango fentin da aka taɓa, ko ƙofar da ba ta zauna daidai ba, tun kafin ke ki gama sha'awar kujeru. A wurin, ki tambayi injiniyan dillali yadda ake fara tuƙa ta, a gaban Yaya, kamar ke ce ba ki sani ba. Abin da zai yi wuya ya karɓa daga bakin ƙanwar da ta taso a hannunsa zai karɓa daga bakin mai sana'a, musamman idan aka ce garanti ya rataya a kai. Ki yi mako ɗaya ko biyu kina zuwa aiki da ita har mita ta wuce 300. Daga nan ki ce, "Yaya, ga ranar buɗe inji ta zo," ku ɗauki hanyar Zariya ko Katsina ranar Asabar, shi a sitiyari, ke a gefe. Ya riƙa hawa 80, ya sauko 60, ya koma 100, ya saki totur ta gangara da kanta, ban da kunna na'urar da ke riƙe gudu wuri ɗaya, ban da lodin buhuna. Ku ci abinci ku juyo. Ya tuƙa, ya sa albarka, ke kuma mukullinki bai kwana a waje ba. In ya nace sai Abuja shi kaɗai, to maigidanki ne ya kamata ya shiga maganar, namiji da namiji, ba ke ba. Ni a ganina ma ba injin ne ya dame shi ba, so yake ya ji har yanzu ana shawara da shi.

Bakaniken ne ya fi ba ni tsoro, domin shi da spana yake zuwa. Kada ki bari a juye man kamfani a zuba mai kaurin nan, 20W-50. Injin haibirid yana mutuwa ya tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, duk tashi kuma yana son man da zai kai saman inji nan take, ta ƙananan hanyoyin da aka yi su don mai marar kauri. Galibi littafin yana rubuta 0W-16 ko 0W-20, wasu na ƙasashe masu zafi suna yarda da 5W-30. Abin da naki ya rubuta shi za a zuba, kuma a sayo inda aka tabbatar ba jabu ba ne. In hankalinki zai fi kwanciya da a yi juye da wuri bayan kilomita 1,000, babu laifi, a yi a wurin dillali a buga hatimi a littafin sabis. Daga nan, da ƙurarmu da gajerun tafiye-tafiye, shawarata kada ki wuce kilomita 5,000 ko wata shida.

Akwai al'adun gareji da suka zame mana jiki, kowacce kuma illa ce ga wannan mota. Cire tamostat, mai daidaita zafin inji, don wai Najeriya da zafi: a haibirid kwamfuta tana jiran injin ya kai wani zafi kafin ta kashe shi, in an cire sai ya yi ta aiki yana shan man da kika sayi motar don ki rage. Zuba ruwan famfo a lagireto: ita ruwan sanyaya biyu gare ta, ɗaya na inji, ɗaya na na'urar da ke sarrafa lantarki, kuma duka ruwan kamfani mai launin hoda suke so. Mai cika gas ɗin esi a bakin titi: kwamfiresonta na lantarki ne, yana da mansa na musamman da ake kira ND-11, in aka sa na sauran motoci lantarki yana iya zurarewa, motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mai wayarin da zai yanka waya ya saka tiraka, na'urar gano inda mota take, ko ƙarin fitilu: ki bari dillali ya saka, ko ya nuna wanda zai saka. Duk wayar da kika ga ruwan lemo ce, babban lantarki ne a ciki, yana kisa, ba wanda zai taɓa sai wanda aka koya wa. Ko birki ba a zuƙe masa iska da "taka, riƙe" kamar yadda aka saba, sai da kwamfuta. Ki gaya wa bakanikenku da girmamawa cewa sharaɗin garanti ne ya ɗaure ki, ki bar masa motar maigida. Bayan garanti ya ƙare, aikin ƙafa irin su shokozoba nasa ne.

Sai abin da ke hannunki ke kanki, wanda ya fi duk na sama tasiri a kan batirin. A gefen kujerar baya, daga ƙasa, za ki ga wata 'yar taga mai raga. Ta nan fanka ke zuƙo iskar cikin mota tana hura wa batir. Ledar nan da muke son bari a kan kujeru wata uku don unguwa ta san sabuwa ce, ki cire ta tun a wurin dillali. Mai ɗinka rigar kujera ya bar wurin a buɗe. Jakar makaranta, sallaya, gefen mayafin wanda ya zauna a baya, duk suna toshe ta ba a sani ba. Bayan ragar akwai 'yar matata da ƙurar hunturu ke cikawa, ki sa a riƙa duba ta a kowane sabis, da hunturu ma ki leƙa da kanki. Masu wankin mota su kuma a ja musu kunne, ban da watsa ruwa a ƙasan kujerar baya, ban da feshin inji da matsattsen ruwa. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ki nemi inuwa ko da za ki ƙara taku, kuma kada ki kashe esi don tsimin mai, sanyin da kike sha shi batirin yake sha. Da damina, ruwan da ya kai rabin taya ki juya ki canja hanya.

Wasu halayenta za su ba ki mamaki a makon farko. Za ki danna maɓalli ki ji shiru, alamar READY ce kawai za ta fito a gabanki, to ta tashi ke nan. Ba a ɗumama ta da safe, ita ta san lokacin da za ta kunna injinta. Idan kin taka totur sosai za ki ji inji ya yi ƙara ya tsaya a murya ɗaya ba ki ji canjin giya ba, lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta. Kada ki sa ta a firi a gangara ko a cunkoso, domin a N batir ba ya caji, in tsayuwar ta yi tsawo ki sa P. Harafin B na doguwar gangara ne, a titunan Kano ba ki da aiki da shi. Ba a tura ta ta tashi, ba a jan ta da igiya ƙafafun gaba a ƙasa, sai janwe ya ɗauke ta. Maƙwabci in ya zo neman a ba motarsa wuta, ki ba shi haƙuri, ƙaramin batirinki ba don tada inji aka yi shi ba. Kada ki bari fetur ya ƙare ƙaf da sunan ai akwai lantarki, kuma ki riƙe gidan mai ɗaya da kika yarda da shi, ban da galan ɗin 'yan bumburutu. Ba mu manta gurɓataccen fetur ɗin da ya lalata motoci a farkon 2022 ba. Shan manta kuma kada ki yanke hukunci da tankin farko, ki cika, ki rubuta mita, ki sake cikawa ki raba, sai wajen tanki na uku za ki ga gaskiyarta.

Shirun nata yana da haɗari biyu, kuma su na fi so ki riƙe. Yaran gida da na layi da kunne suke gane mota ta tashi, wannan kuwa tana iya fara ja da baya ba su ji komai ba. Ki zagaya ta kafin ki shiga, ki yi hon kafin ki motsa. Na biyu, mutum yana iya fita ya bar ta a kunne bai sani ba, can cikin dare injin ya tashi da kansa don ya yi caji. A garejin da ke rufe, kusa da ɗakin kwana, hayaƙin nan ba ya wari kuma yana kashewa, ke ma'aikaciyar lafiya kin fi ni sani. Ki tabbatar READY ta ɓace kafin ki rufe ƙofa.

In tafiya ta kama ki, Umara ko kwas na makonni, ƙaramin batirin ne zai fara mutuwa, ba babban ba, kuma in ya mutu motar ba za ta ko kunna kwamfutarta ba. Lokacin kullen korona a 2020 Toyota ta Birtaniya ta shawarci masu irin wannan mota su riƙa barinta a READY, giya a P, na minti 60 sau ɗaya a mako. Ki bar wa maigida wannan aikin, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, yana kusa da ita har ya kashe.